Shekarar da Baba Bayarabe Ya Koyi Ladabi

Ƙamshin ganyen goro ne ya riga kowa shigowa gidanmu a ranar. Ganye ne mai faɗi da danshi wanda ake naɗe huhun goro da shi a Kudu, kuma idan ya daɗe a bayan mota kusa da jarkokin manja, sai ya ɗauki wani ƙamshi da ba ya kama da komai na ƙasarmu. Ina zaune gindin darbejiyar tsakar gida, hannuna na tsince wa Inna shinkafa, idona na bin gajimare, sai iska ta kawo shi. Na ce wa Inna Baba Bayarabe ya iso. Ta ce ita ba ta ji ƙarar mota ba. Na ce ni hancina ya ji.

Haka mu 'ya'yan gidan muke kiransa. Ɗan kasuwa ne daga ƙasar Yarbawa, dogo, mai ɗan tumbi, da hula mai kwanciya gefe guda kamar ta gaji da tafiya. Tun kafin a haife ni yake zuwa Sabon Birni bayan kaka, ya kawo goro da manja, ya koma da wake da busasshen barkono. Babana ne mai masaukinsa, shi ne kuma dillalinsa. Kafin ya zo, Baba ya riga ya bi Gangara da Tozai har tsallaken iyaka ya tara masa buhuna. A zaurenmu yake sauka. Kirista ne, kowa a unguwa ya sani. Ranar Lahadi yakan zauna kan buzu ya yi ta motsa baki da idonsa a rufe, Inna ta hana mu guje-guje har ya gama.

Mu Gobirawa ne, kuma wasan da ke tsakaninmu da Yarbawa ya girmi kakanninmu. Kowa yana cewa ɗayan bawansa ne, ba a fushi, ba a kai ƙara. Amma Baba da baƙonsa sun riƙe wasan nan kamar shi ne ainihin sana'arsu, waken kuwa dalili ne kawai na haɗuwa. Da ya sauko daga mota, kafin ƙafarsa ta biyu ta taɓa ƙasa, Baba zai fizge hularsa ya sanar da unguwa cewa bawan da ya gudu bara ya dawo, ba za a sake shi ba sai danginsa sun kawo fansa. Fansar kuwa goro ce, fari, manya. Shi kuma zai dubi zanen fuskar Baba, dogayen nan da suka taso daga gefen baki zuwa kunne, ya tambaya da tausayi ko har yanzu ba a kama kyanwar da ta yi masa wannan aika-aika ba. Baba zai ce ai nasa gajerun zanen wanzami ne ya fara, kuka ya ishe shi ya gudu. Haka za su yi ta yi har abinci ya huce. Ni tun ina ƙarama nake jin wannan hayaniya kamar ruwan farko na damina. Idan ta sauka, na san komai yana wurinsa.

Shekarar da nake magana a kai, ina ajin ƙarshe na sakandare, na zo hutu. Shekara ce da rediyon Baba ya daina zama abokin shan koko. Kowace safiya sai ya kawo labarin wani abu da ya fashe a wani birni mai nisa: yau kasuwa, gobe tasha, jibi coci, wata rana masallaci. Masu yin abin suna kiran sunan Allah, Inna kuwa duk lokacin da ta ji haka sai ta ajiye ludayi ta ce Allah ya isa tsakaninta da su. Muna jin tausayi, muna addu'a, sannan a kashe rediyo a tafi gona ko kasuwa. A tunaninmu mu masu jin labari ne kamar kowa. Bai taɓa zuwa mana a rai ba cewa can wani wuri akwai masu jin labarin nan suna tuna fuskokinmu.

Na leƙa ta ƙofar zaure don kada fizgar hula ta wuce ni. Baba ya riga ya fita, yana murmushi, hannunsa ya fara tashi sama. Baba Bayarabe ya sauko a hankali, ya rusuna, ya miƙa hannu biyu.

"Salamu alaikum, Alhaji. Mun same ku lafiya?"

Baba bai je Makka ba a lokacin, kuma a iya sanina mutumin nan bai taɓa kiransa da wani suna da ya wuce bawana ba. Hannun Baba ya tsaya a sama kamar tsuntsun da ya rasa reshen sauka. Daga baya ya kai shi ƙeyarsa ya sosa.

Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo, mai kyau, irin wadda ake yi wa surukai. Baba Bayarabe ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya yi wa amfanin gona addu'a. Ya ce bana ba zai takura mana a zaure ba, a tasha zai kwana cikin mota tare da sabon direbansa, don kula da kaya. Da ƙyar Baba ya sa ya yarda zai riƙa cin abinci a gidanmu.

Baba ya shigo cikin gida ya zauna kan turmi da aka kife. Ya ce wa Inna mutumin nan ba shi da lafiya. Ta tambaya ko zazzaɓi ne.

"Wane zazzaɓi. Tun da yas sauko bai zage ni ba ko sau guda."

Daga nan gidanmu ya shiga aikin neman zagi. Baba ya ce a yi miya kada a sa barkono ko ƙwaya. A da, wannan kaɗai ya isa a kwashe yini ana jin yadda Gobirawa ke dafa ruwan wanka su kira shi miya. Ni na kai akushin zaure, na ɗan tsaya wai ina gyara tabarma. Baba Bayarabe ya cinye tas, ya wanke hannu, ya ce Allah ya saka wa uwargida da alheri.

Washegari Baba ya ɗauko babban makami. Ya zauna yana labarin ƙarfin Gobir a zamanin da, dawakai da mayaƙa da ganuwa, yana ƙarawa da gangan har abin ya fara ba ni kunya. Ya san amsar da yake jira, don ya sha ta sau da yawa: wai an kai Baba Bayarabe Alkalawa, tsohuwar fadar Gobir, ya ga babban birnin iyayen gijinsa, ya duba gabas ya duba yamma bai ga kowa a fada ba sai gero. Amma a wannan karon sai ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, Alhaji, manyan mutane ne. Na ga fuskar Baba ta faɗi. Ban taɓa sanin yabo yana iya yi wa mutum ciwo haka ba.

Da la'asar Baba ya kira ni gindin darbejiya. Ya ce tunda ni ce na yi boko, ina karanta jaridun Turanci da malamanmu ke kawowa, in gaya masa abin da mutanen Kudu ke faɗa a kanmu. Na yi ta juya bakin mayafina. Na ce wasu suna cewa duk abu ɗaya ne, wai duk mai gemu da carbi daga Arewa ba a san abin da ke cikinsa ba. Sauran da na gani na bar su a cikina, don ba su da daɗin maimaitawa. Baba ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce shi da ake yanka ragon layya yana kallon katanga, shi za a ji wa tsoro? Ya yanke hukunci cewa baƙonsa kunya ce kawai ta kama shi saboda tsufa, kuma maganin kunya shi ne a yi wasan a gaban jama'a, da ƙarfi, yadda ba shi da hanyar tsira sai ya rama.

Ranar kasuwa ta zo. Inna ta aike ni da ƙwaryar fura rumfar Baba, inda ake loda buhunan wake a mota. Rana ta yi tsaka, ƙurar wake tana yawo cikin haske kamar garin zinariya, ni kuma ina tafe ina kallonta har na kusa taka tallar wata mai daddawa. Na iso daidai lokacin da Baba ke ƙyafta wa maƙwabtan rumfarsa ido. Su ma Gobirawa ne, sun san wasan, sun ma yi kewarsa.

Baba Bayarabe yana duƙe yana duba bakin buhu. Baba ya lallaɓa ta bayansa ya fizge hular, ya damƙe masa wuyan hannu. Maƙwabtan suka taso suna dariya suka kewaye shi.

"Mun kama shi," in ji Baba, da murya yadda kasuwa za ta ji. "Bana ba ka komawa gida. A aika ma danginai su kawo fansa."

Kalmomin nan ne dai na kowace shekara, ba a ƙara ko ɗaya ba. Amma direban, wanda bai taɓa zuwa ƙasarmu ba, ya yi tsalle ya faɗa mota ya rufe ƙofa ya tayar da inji. Baba Bayarabe kuwa ya durƙusa ƙasa. Ya ɗaga hannun da ba a riƙe ba sama, yana kiran Ubangiji da yarensu. Fuskarsa ta koma launin toka. Bai dubi Baba ba, ƙasa yake kallo, kamar wanda ya daɗe yana jiran abin nan ya same shi.

Dariyar ta mutu da kaɗan-kaɗan, daga bakin wannan zuwa na wancan. Maƙwabtan suka ja baya, kowa ya tuna yana da ciniki. Wani dattijo ya je yana buga ƙofar mota yana rarrashin direba. Baba ya saki hannun. Ya zaunar da baƙonsa kan buhu, ya tsaya yana yi masa fifita da hular da ya ƙwace, don ba abin da ke hannunsa sai ita. Na miƙa furar ba tare da an ce in miƙa ba. Baba Bayarabe ya sha kaɗan.

"Ni?" Baba ya ce, a hankali ƙwarai. "Ni kaj ji tsoro?"

"Ni ban ji tsoronka ba," in ji Baba Bayarabe. "Jikina ne ya ji. Bai yi shawara da ni ba."

Sai ya ba da labari, da Hausarsa mai tsalle-tsalle, ni ina tsugune gefe an manta da ni. Ya ce akwai wata mata da suke zuwa coci ɗaya, ɗanta yana aiki a wani birni na Arewa, irin fashewar nan ta rutsa da shi. Tun daga ranar, magana ta canza a garinsu. Ana cewa wanda ya ba ka masauki shi zai nuna musu ƙofarka, wai ko kun shekara nawa kuna cin tuwo a kwano ɗaya, idan ranar ta zo ba zai san ka ba. Ya ce ya yi musu da su har muryarsa ta dushe, ya ce shi ya san mutanensa. Amma hanyar tana da tsawo, kuma maganganun nan sun hau mota tare da shi, suka zauna kusa da shi har Sabon Birni. Shi ya sa ya ɗaure bakinsa. Ya ce ya yi tunanin a irin wannan lokaci, idan wani da bai san wasan ba ya ji Kirista yana kiran Musulmi bawa a tsakiyar kasuwa, me zai biyo baya?

Baba ya ce masu wannan ɓarna ai har masallatai suke shiga, kuma limaminmu ba Juma'ar da ba ya tsine musu. Baba Bayarabe ya ce ya sani. Ya ce amma a garinsu labari yana zuwa ne da gawar da suka sani, sauran kuwa ba wanda ke riƙe su. Baba ya juya hular a hannunsa. Ina tsammanin yana tuna yadda mu ma muke kashe rediyo mu tafi gona. Daga baya ya ɗora masa hular a kai da hannunsa, ya kwantar da ita ta gefen da ba nata ba. Mai hula bai gyara ba.

Da yamma Baba Bayarabe ya kwaso jakarsa daga tasha ya dawo zaurenmu. Na yi murna, na ɗauka an gama. Ashe abin ƙaruwa ya yi, don yanzu masu ladabi sun zama biyu. Baba ya tsorata da bakinsa, ya koma yana ce masa ranka ya daɗe. Wannan ya ce bismillah, wancan ya ce a'a, kai za ka fara. Kowa yana tura wa ɗan'uwansa tsokar nama har ta yi sanyi a tsakiyar kwano. Ina wucewa ta zaure sai in ji kamar gidan wasu na shiga. Har kajin gidan sun rage surutu.

Inna ba ta cikin wasan nan tun asali. Tsakaninta da baƙon sai gaisuwa ta bayan katanga da sallamar kwano. Safiyar da zai tafi, an gama karin kumallo, maza biyun suna zaune suna gode wa juna, sai ta kira ni da muryar da ban san tana da ita ba, wadda ta tsallake katanga ta faɗa zaure.

"Ke, tahi ki ce ma bawan ubanki shi wanke akushin da yac ci kahin shi tahi. Mun gaji da yi mai hidima kamar wani baƙon kirki."

Na tsaya a tsakar gida da tsintsiya a hannu. Zaure ya yi tsit. Har kukan kurciya a kan darbejiya na ji, da wani mai amalanke yana wucewa a waje. Sai muryar Baba Bayarabe ta taso, tana ɗan rawa a farko, sannan ta miƙe.

"Ki ce wa uwargida, miyar da aka ba ni ba ta ɓata akushi ba. Ruwa ce. Ta wanke shi da kanta."

Baba ya yi wata dariya da ta koma tari, har sai da aka buga masa baya. Da ya samu numfashi ya ce to ai ga shi, an ciyar da bawa ya ƙoshi ya fara rashin kunya. Baba Bayarabe ya ce wane ƙoshi, shi da ya rame a hannun mutanen da babban birninsu gonar gero ce. Motar da aka ce za ta tashi da hantsi ba ta tashi ba sai bayan azahar, don akwai zagin kwanaki da ya taru, kuma ba wanda ya yarda ya tafi da nasa a ciki. Direban yana zaune a gaban mota yana kallonsu da baki buɗe. Inna ta koma wankin tukwanenta kamar ba ita ba, amma na ga kafaɗunta suna motsi.

Ba zan ce komai ya koma yadda yake ba. Baba Bayarabe ya sake zuwa a kakar da ta biyo, da wadda ta bi ta, aka yi kyanwa da wanzami da gero. Amma Baba bai ƙara taɓa hularsa ba, kuma kalmar fansa ta fita daga wasan. Bayan 'yan shekaru ta dawo mana ta wata ƙofa, lokacin da 'yan bindiga suka cika hanyoyinmu, daga nan har garin Isa, ta zama kalmar da ake faɗa ƙasa-ƙasa a gidajen maƙwabta. Baba da kansa ya hana baƙonsa zuwa. Sai wasan ya koma waya. Duk lokacin da aka ji labarin ƙasarmu a rediyo, wayar Baba za ta yi ƙara, murya ta tambaya ko bawanta yana nan da rai. Baba Bayarabe ya sha cewa idan abin ya yi tsanani mu taho gaba ɗaya, akwai ɗakin bayi a bayan gidansa, har da fanka.

Da na gama jami'a, hidimar ƙasa ta kai ni Kudu, ba nisa sosai da garinsu. Can na ɗanɗana nawa rabon. A motar haya wata mata ta dubi hijabina da jakata, ta matsa har ta kusa hawa cinyar na kusa da ita. Na yi mata murmushi na buɗe jakar na ba ta dabino, ta karɓa da yatsu biyu. Kafin mu sauka dai ta nemi ƙari.

Na kai wa Baba Bayarabe ziyara wata Asabar. Ya tsufa, hular ta ƙara kwanciya. Ya tara maƙwabta ya nuna musu 'yar bawansa da ta zo gaishe da ubangidanta. Matarsa ta ja ni kicin, ta zaunar da ni kusa da tukunyar da ta sa idona hawaye tun kafin in ɗanɗana. Muna hira da guntun Turanci da guntuwar Hausa, na ba ta labarin shekarar ladabi, ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce ta tuna shekarar. Ta ce a lokacin mijinta ba ya bukatar wakenmu, don ya riga ya samu mai kawo masa daga kusa, a sauƙaƙe. Ta ce kafin ya hau motar nan sai da ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya, ya nuna wa babban ɗansa inda yake so a binne shi idan an samu gawa, sannan ya ce zai je ya ga mutumin nan, wato babana, da idonsa.